Filaya Ba Ta Karatu

Wata Laraba cikin watan Maris, ana tsakiyar zafi, kawuna ya kira ni a waya. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya ce, "Kai da ka karanci kwamfuta, taho ka gane mini abin da wagga mota ka nuhi." Tirelarsa ce ta ɗauko albasa daga wajen Illo, ta haye gadar Tuga, sai ta ƙi gaba. Injin bai mutu ba. Yana tashi, yana ruri, amma da an taka totur sai ya noƙe kamar jakin da ya hango rami. Ranar da ya kira ni, kwananta huɗu ke nan a bakin hanya.

Wata uku kafin wannan rana aka cire wa motar giyar otomatik da ta zo da ita daga Turai, aka ɗaura mata giyar hannu da aka sayo a Kwatano. Ina nan ranar da aka gama aikin. Motar ta tashi, direba ya zaga gari da ita yana danna ham, kawu ya biya kuɗin aiki har ya ɗora wa ogan garejin shadda yadi biyar. 'Yan kallo sai cewa suke, "Kai, mutanenmu akwai dabara! Abin da Bature ya kulle da kwamfuta, ga shi an buɗe da filaya." Ni ma na yi dariya, na ɗauki hoto na sa a Facebook, na rubuta yabo a ƙasa. Har yau ban goge hoton ba, don ya riƙa tuna mini wautata.

Da na isa bakin hanya na tarar masu wayarin uku sun riga sun gwada sa'arsu. An canza filtar mai, an kwance nozul, har an aro kwamfutar injin wata mota da ta yi kama da wannan aka jona, injin ya ƙi ko tari. Albasa kuwa ba ta san uzuri ba. A ƙarƙashin tamfol ta fara tsiyaya, ƙudaje sun sami biki. Ni da digirina na tsaya kamar baƙo a gidan suna, don ban taɓa leƙa cikin tirela ba. Dare guda na kwana ina karatu a waya. Da safe na ari mitar ɗaya daga cikin masu wayarin, muka cire batir, na auna tsakanin wayoyi biyun da kwamfutocin motar ke magana ta cikinsu. Kamata ya yi mita ta nuna om 60. Ta nuna 120. Muka bi damin wayar har ƙarƙashin kan motar, inda reshen tsohuwar giya yake, sai ga shi an datse shi da filaya, an murɗe bakin wayoyin, an naɗe da leda. A dashbod kuma an liƙa baƙin salatif a kan fitilar gargaɗi, don kada ta dami direba.

Wannan salatif shi ya sa ni rubutun nan. Musu nake so in yi da wata al'ada da ta zauna mana daram a garejojin manyan motoci, daga Bagudo har Kano: al'adar yabon duk wanda ya sa mota ta tashi, ba tare da an tambaye shi me ya yanka kafin ta tashi ba. Muna kiran abin dabara, muna tinƙaho da shi. Ni kuwa cewa nake mafi yawansa caca ce, kuma da dukiyar wani da ran wani ake buga ta.

Bari mu fara da abin da ke cikin motar, domin rabin rigimar daga rashin saninsa ta taso. Tsohuwar Marsandi 911 mai bodin katako, wadda iyayenmu suka yi arziki da ita, ƙarfe ce da mai da iska. Famfon injekta ke auna mai, ƙafar direba ke ba shi umarni ta sandar ƙarfe, wayoyinta kuwa na fitila ne da sitata da caji. Bakanike mai kunne yana iya gane ciwonta daga kukanta. Tirelar da aka ƙera a Turai daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau wata halitta ce daban. Actros ta Marsandi ta fito a 1996, TGA ta kamfanin MAN a 2000, XF105 ta DAF a 2005, kuma kowaccensu da kwamfutoci birjik a jikinta: ta inji, wadda kanikawa ke kira birenbos, da ta giya, da ta birki, da ta dashbod, da wata a tsakani mai haɗa kansu. Idan direba ya taka totur a irin wannan mota, saƙo kawai ya aika. Kwamfutar inji ce za ta duba gudu da zafi da abin da giya da birki suka ce, sannan ta yanke yawan man da za ta fesa.

Duk wannan zance ta wayoyi biyu yake bi, waɗanda aka tufke su tare kamar igiya. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da tsarin a 1986, ana kiransa CAN, kuma manyan motoci akasarinsu suna magana a kansa da ƙa'idar da ake kira J1939, wadda ke ɗaukar ƙwayoyin saƙo 250,000 a sakan ɗaya. A kowane ƙarshen layin akwai wani ɗan mitsitsin abu mai om 120 da ke shanye amsa-kuwwar saƙo, shi ya sa lafiyayyen layi ke nuna 60 a mita. Ka cire ɗaya, sai saƙonni su riƙa dawowa suna karo da juna. Mota na iya yin wata uku a haka ba a ga komai ba. Ranar da zafi ko girgiza ko laima ta ƙaru a kan raunin, kwamfutar inji ta daina jin 'yan'uwanta, sai ta rage ƙarfi don kare kanta. Abin da ya sami motar kawu ke nan. Babu aljani, babu sammu, babu gurɓataccen mai.

Mutumin Illo bai kamata wannan ya yi masa wuyar ganewa ba. A kasuwar Lolo kana iya jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Faransanci a rumfa ɗaya, kuma kowa ya san ciniki ba ya faɗawa sai ana jin bakin juna. Giyar otomatik ta tirela, irin AS Tronic ta kamfanin ZF da ke cikin DAF da MAN masu yawa, ba ta da fedar kuloci. Kwamfutarta ce ke kama kuloci da iska, ita ke gaya wa inji ya sassauta za ta canza giya, ita ke shaida cewa mota na firi kafin a bar sitata ta juya. In ka sauke ta ka ɗaura ta hannu, ka fitar da mai magana ɗaya daga majalisa, saura kuma suna zaune suna jiran muryarsa.

Saboda haka aikin sauya giya kashi uku ne. Akwai na ƙarfe: feda, sandar giya, bututun iska, farfela mai daidai tsawo. Akwai na waya: makunnin kuloci, na firi, na ribas, sansar gudu, kowanne a kai shi ramin da ya dace a soket, sannan a rufe layin CAN yadda ya kamata. Na uku shi ne a shiga kwamfutocin motar da na'urar bincike a sanar da su cewa daga yau giyar hannu ce a jiki, su daina cigiyar wadda ta tafi. Garejojinmu sun ƙware a na farko, suna lalube a na biyu, na uku kuwa sau da yawa ko labarinsa ba a ji ba.

To me ake yi a madadinsa? Mota ta ƙi tashi saboda babu mai shaida mata tana firi, sai a ja waya kai tsaye zuwa sitata. Daga ranar za ta tashi ko tana cikin giya, ko da yaron mota na kwance a ƙarƙashinta yana ɗaure noti. Fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa, sai a rufe ta da salatif. Ita ɗin ce kuwa za ta kama ranar da wata matsala ta gaske ta taso a inji ko a birki, amma an riga an ɗaure mata baki. Sansar gudu ta sabuwar giya ba ta yi daidai da lissafin da ke cikin kwamfuta ba, sai agogon gudu ya koma maƙaryaci, direba na ganin 70 alhali ya wuce nan. Mafi muni, giyoyi da yawa suna zuwa da ritada a jikinsu, wato birkin da ke riƙe mota a gangara ba tare da an taɓa birkin ƙafa ba. In wadda aka ɗaura ba ta da shi, to an sauke shi tare da tsohuwar. Direba ya ɗauko tan talatin ya doshi gangara a hanyar Kudu, ba shi da mataimaki sai ɗan birkin inji, in shi ma bai tafi da wayar da aka yanka ba. Birkin ƙafa ya yi zafi ya saki. Bayan an kwashe gawarwaki sai a ce birki ne ya tsinke, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma filayar da ta datse wayar a hannun mutum take.

Kada mai karatu ya ɗauka zagin masu sauya giya nake. Suna da hujja, kuma hujja mai ƙarfi. Giyar otomatik an tsara ta ne don titin Holan da Jamus, inda ake auna lodi, ake tace iskar mota ta bushe, ake kai ta asibitinta a kan lokaci. Kawo ta hanyar Tsamiya da damina, ka ɗora mata lodin da ya fi ƙarfinta, ka sa ta cikin taɓo tana gaba tana baya, kuloci zai ƙone. In an sa sabo kuma sai an koya wa kwamfutarta shi da na'ura, na'urar kuwa babu ita a kusa. Mai mota da ya gaji da jiran wani ya taso daga Kano ko Legas, idan ya ce a sa masa giyar da direbansa zai iya lallaɓawa da hannu, bai yi hauka ba. Sauya giya halal ne. Abin da nake ƙi shi ne a yi sulusin aiki a karɓi kuɗin duka, mu kuma mu tsaya muna tafi.

Laifin kuma ba na bakanike kaɗai ba ne, don tun daga kasuwa ake fara ɓarnar. Je ka inda ake sayar da kayan manyan motoci na gwanjo, a Kwatano ko Ladipo ko Ƙofar Ruwa, ka dubi yadda inji da giya suke zube. Sau da yawa za ka ga damin wayar a guntule, domin wanda ya kwance motar gaggawa yake, ya ga kwance soket ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Birenbos tana can wani shago, wayarin yana wani, lambar shasin motar da aka ciro su babu wanda ya rubuta. Mai saye kuma da ido yake ciniki: in akwatin ya yi kama, soket ya shiga, shi ke nan. Alhali birenbos biyu na iya zama tagwaye a waje, a ciki kowacce da karatunta. Ɗaya an shirya ta don inji mai ƙarfin doki 410, ɗaya mai 460. Ɗaya ta matakin hayaƙi na Euro 3 ce, ɗaya ta Euro 5 mai neman sansar hayaƙi da ruwan AdBlue. A injuna da yawa kowace injekta tana da lambarta da aka rubuta a cikin kwamfutar, kuma sau da yawa kwamfutar inji an ɗaura mata aure da makullin motarta ta asali, ba za ta ba da mai a wata motar ba sai an warware wannan aure. Shi ya sa wadda aka aro wa kawu ta ƙi ko tari. Lafiyarta ƙalau. Gidan da aka kai ta ne ba nata ba.

Sai mai mota. A nan dole in taɓa kawuna, Allah ya huci zuciyarsa. Mai sayar da giyar ya yi masa tayin wayarinta da 'yan makunnanta a kan ƙarin kuɗi kaɗan, ya ce a'a, waya ai waya ce, akwai ta a gida. Attajiranmu suna biyan abin da ke da nauyi a hannu ba tare da gardama ba, amma su biya kuɗin zanen wayoyi, ko kuɗin mutumin da zai zauna awa biyu da kwamfuta a cinya, sai su ga kamar an cuce su, don ba su ga gumi ba. Bakanike ya gane halinsu sarai. Ya san in ya ce aikin na buƙatar na'urar da ba shi da ita, an ɗauke motar an kai garejin maƙwabcinsa wanda ba zai faɗi haka ba. Kasuwar da ke hukunta mai gaskiya ta saka wa mai filaya, mu muka gina ta da hannunmu. Wanda ke biyan kuɗin wannan araha kuwa ba ya wurin cinikin: manomin da albasarsa ta ruɓe, direban da za a ce shi ya kashe mota, da fasinjan ƙaramar motar da ke gaban tirela a gangara.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta a tasha. Za a ce motar kwamfuta ba ta ƙasarmu ba ce, mu koma wa mai famfon injekta, ga Howo nan 'yar Sin tana aiki ba birenbos. Akwai gaskiya a ciki. Shekaru da dama dizal ɗin da aka yarda a sayar a Najeriya yana iya ɗaukar sinadarin sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali na Turai bai wuce 10 ba, kuma injunan zamani ba sa jure wannan. Amma mafakar da ake nuna mana rumfar kara ce a bakin damina. ANAMMCO ta Inugu da ta harhaɗa 911, da Steyr ta Bauchi, da kamfanin Fiat na Kano, zamaninsu ya wuce. Ita kanta ƙasar Sin ta tsaurara dokar hayaƙin manyan motocinta a 2021, injunan da take yi wa kanta duk masu kwamfuta ne. A 2020 ƙungiyar ECOWAS ta amince cewa motocin da za a riƙa shigowa da su yankin su kai matakin Euro 4, man kuma kada sulfarsa ta wuce 50. A Turai, inda muke kwaso gwanjo, Actros da ta fito a 2011 da giyar otomatik take zuwa. Giyoyin hannun da muke ɗaurawa yau daga tsofaffin motoci ake ciro su, tsofaffin kuma ƙarewa suke. Yaron da ke koyon aiki a gareji yau, motocin da zai ci abinci da su nan da shekara goma duk masu magana ne. Wanda ya koya masa yankan waya kawai, ya koya masa sana'ar da za ta mutu kafin ya yi aure.

Amsa ta biyu ta fi nauyi. Za a ce kamfanonin ne suka kulle. Kowanne da na'urarsa: DAF na da DAVIE, MAN na da MAN-cats, Marsandi na da Xentry, kuma wasu gyare-gyaren ba sa yiwuwa sai da izini daga kamfanin. Wannan gaskiya ne, kuma abin a yi fushi ne. Amma mu dubi abin da wasu suka yi da nasu fushin. A Amurka, masu jefa ƙuri'a a jihar Massachusetts sun amince da dokar haƙƙin gyaran mota a 2012. Manoman ƙasar sun yi shekaru suna jayayya da kamfanin John Deere a kan taraktocinsu, har a Janairun 2023 ya sa hannu a yarjejeniya da babbar ƙungiyarsu, kuma a wannan shekara jihar Colorado ta yi dokar da ta ba manomi haƙƙin gyara kayan aikinsa. Tarayyar Turai, a dokarta mai lamba 595 ta 2009, ta wajabta wa masu ƙera manyan motoci su buɗe wa garejoji masu zaman kansu bayanan gyara. Wato bakanike a wani ƙauyen Beljiyam yana da haƙƙin ganin zanen wayoyin motar da gobe za ta ƙare rayuwarta tsakanin Illo da Segbana. Su sun kai ƙara, sun yi ƙungiya, sun matsa wa majalisa. Mu mun ɗauki filaya. Sannan ba komai ne a kulle ba. Ƙa'idar J1939 a rubuce take, na'urorin bincike masu karanta motoci iri-iri suna kasuwa, mitar da ta gano ciwon motar kawu kuwa kuɗinta bai kai na buhun albasa ɗaya daga cikin waɗanda aka zubar ba.

A nan zancen ya iso kanmu, mu 'yan kwamfuta, kuma mu ne muka fi kowa abin kunya. Abin da ke gudana a cikin wayoyi biyun nan shi ne ainihin abin da aka koya mana a aji: saƙo, adireshi, lokaci, kuskure. Mun haddace shi mun ci jarrabawa, sannan muka tafi muna gina manhajojin odar abinci don mutanen da ke da masu dafa musu. Muna zaune a Abuja da Kano muna jiran aikin dala daga ƙetare, alhali dubban kwamfutoci masu taya goma sha takwas suna wucewa ta ƙofar gidanmu kullum ba mai jin yarensu. Muna ganin baƙin mai ƙasƙanci ne. Bakanike kuma yana ganin ɗan boko ba ya iya riƙe sifana. Tsakanin girman kanmu da nasa, motar ta kwana a hanya. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ya kuma dawo ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da harkar motoci a Najeriya. Abin da muka rasa shi ne zama a tabarma ɗaya.

Garin da ke kan iyaka da tayar mota yake numfashi. Mun gani a Agustan 2019 da aka rufe iyakokin Najeriya, mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da aka rufe gadar Malanville da Gaya, tireloli suka yi layi na makonni. Waɗancan tsaiko ne da ba mu da iko a kansu. Tsaikon da muke jawo wa kanmu da filaya kuwa a hannunmu yake. Kakanninmu fatake, da suke ƙetare kogin Kwara a nan Illo su bi ta Borgu zuwa Gwanja neman goro, sun fi mu fahimtar wannan. Ayarinsu yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya, yana kuma da malamin ayari mai riƙe da alƙalami da lissafi. Mutanen da dukiyarsu ke kan jakuna ba su yarda su kama hanya ba tare da mai karatu ba. Mu da dukiyarmu ke kan kwamfuta mun yarda.

Abin da nake nema ba ya buƙatar a jira Abuja. Mai mota, in za ka sayi inji ko giya, ka saye su da kwamfutarsu da damin wayarsu cikakke, ka sa a rubuta maka lambar shasin motar da aka ciro su da lambar da ke jikin akwatin. In mai kaya ya ce babu, ka rage kuɗin ko ka wuce gaba. Ranar karɓar mota kuma kada ka tsaya a "ta tashi". Ka tambaya: tana tashi a cikin giya? Fitilar gargaɗi tana kamawa ta mutu da kanta? Ritada na nan? Ogan gareji, duk wayar da ka yanka ko ka ƙara, ka rubuta a takarda, da boko ko da ajami, ka ajiye a cikin motar, domin mai wayarin da zai gamu da ita a Kwantagora da tsakar dare kada ya fara daga duhu. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta masu motocin haya ta NARTO, a kowace ƙaramar hukuma, suna iya haɗa kuɗi su sayi na'urar bincike ɗaya ta gari, kamar yadda ake haɗa kuɗin injin ban ruwa. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi da jami'ar da ke Aliero su buɗe ajin yamma da Hausa ga masu wayarin, su kuma tura ɗaliban kwamfuta gareji su yi koyon aiki. Hukumar NADDC ta nemi duk kamfanin da ke son kasuwarmu ya ba garejojinmu abin da doka ta sa ya ba na Turai. Mu kuma 'yan kwamfuta, kowa ya nemi bakanike ɗaya ya zama almajirinsa, ya kuma zama malaminsa.

Motar kawu ta tashi a rana ta shida. Mun mayar da abin da aka cire a ƙarshen layin, muka haɗa wayoyin da dalma, muka zare wayar sitata ta sata. Sai da aka kai ta Kano daga baya aka sanar da kwamfutarta cewa giyarta ta canza. Fiye da rabin albasar a bakin hanya aka zubar da ita, kuma har yanzu kawu yana biyan masu kayan a hankali. Ƙaramin cikin masu wayarin nan uku, wanda ya ara mini mita, shi ne bai tafi ba har aka gama. Da zan shiga mota ya biyo ni ya ce, "Yallaɓai, wancan sittin ɗin da ka ce, in na ga arba'in fa, me ke nan?" Na ce masa alama ce an ƙara na uku a inda biyu suka isa. Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

Salatif ɗin kuwa ni na ɓare shi da kaina. Kawu yana tsaye yana kallo, fitilar ta kama, ta ɗan jima, ta mutu. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe magana ta kai tun tuni, mu munka toshe mata baki."